Talata Biyu Cikin Marka

Ranar Talata 27 ga Agusta, 1991, mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura sun wayi gari a Jihar Kano, suka kwana a Jihar Jigawa. Ba wanda ya ɗaure kaya, ba wanda ya bar gidan ubansa. Janar Ibrahim Babangida ne ya yi jawabin cikarsa shekara shida a kan mulki, ya sanar da ƙarin jihohi tara, cikinsu har da Jigawa da Kebbi da Yobe da Kogi da Taraba, jihohin Nijeriya suka tashi daga 21 suka zama 30. A lissafin Hijira, ana tsakiyar Safar ne na shekarar 1412. A lissafin manomi kuwa ana tsakar marka: gero ya fitar da kai, rumbu ya yi ƙasa, kowa na roƙon Allah ya kai mu kaka lafiya.

Lissafi uku ke nan a kan yini guda, kuma a ƙauyukan Roni da Gwiwa na ukun ne ya fi kusa da zuciya. Amma na farkon ne ya shiga littafi, shi ake koya wa 'yan makaranta, shi ake tunawa duk shekara a Dutse, hedikwatar jihar. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, me ke sa kwanan wata ya zama rana?

Hausa dai ba ta haɗa su ba. Kwanan wata lamba ce da ke bin tsayuwar wata, kowane yini yana da tasa, ko an yi abin kirki a cikinsa ko ba a yi ba. Rana kuwa tana da nauyi. Ita ce mai fitowa daga gabas, ita ce kuma wadda dangi ke zama su sa idan maganar aure ta nuna, shi ya sa aka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Akwai kuma ma'anar da ta fi damuna a nan. Idan mutum ya fitar da kai daga ƙunci, sai ka ce ya yi maka rana. A wannan wurin rana ta tashi daga lokaci ta koma amfani, kuma ba mai shaidarta sai wanda aka yi wa. Gwamnati tana da ikon sa kwanan wata. Ko zai zama rana, wannan hukuncin talaka ne, shi kuwa ba ya gaggawar yankewa.

Gidajen rediyo suna da al'adar karanto abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, kuma 27 ga Agusta ba ta rasa abin karantawa. A irinta ne a 1896 jiragen ruwan yaƙin Ingila suka yi wa fadar Sarkin Zanzibar, Khalid bin Bargash, luguden wuta saboda ya hau gado ba da yardarsu ba. Ba a cika minti 45 ba aka gama, mutanensa kimanin 500 suka mutu ko suka jikkata. Masu tsara irin wannan jeri sukan kawo labarin don a yi mamakin gajartar yaƙin. Wanda ya san cewa ba a cika shekara bakwai ba, a Fabrairun 1903, dakarun Ingilar dai suka fasa ƙofar ganuwar Kano, shi ba mamaki zai ji ba, gabansa ne zai faɗi. A irinta ne a 1963 W.E.B. Du Bois, masanin nan baƙar fatar Amurka da ya ƙare rayuwarsa yana ɗan ƙasar Gana, ya rasu a Akara yana da shekara 95, ana gobe babban gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washington. A irinta ne a 1975 Sarkin Habasha Haile Selassie ya mutu a tsare, a hannun sojojin da suka tuɓe shi. Ranar da aka yanke Jigawa ma, ita ce ranar da Moldoba ta ayyana ficewarta daga Tarayyar Sobiyat.

Cikin jerin duka, wanda ya fi shafarmu shi ne wanda ake ganin ya fi nisa. Ranar 27 ga Agusta, 1859, wani mai suna Edwin Drake ya kai haƙa zurfin kimanin mita 21 a Titusville da ke Pennsylvania a Amurka, ya tarar da mai. Daga nan akan fara lissafin sana'ar haƙar man fetur ta zamani. Da aka samu irinsa a Oloibiri a 1956, sannan farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan yaƙin basasa, sai arzikin ƙasa ya koma abin da ake tarawa a asusun tarayya a raba duk wata. Samun jiha ya zama samun kaso, samun ƙaramar hukuma ya zama samun wani kason. Ƙasar da ta san kuɗi ta hanyar gyaɗa da auduga da fatu ta koma sauraron abin da za a aiko daga sama. Ba don haka ba, da neman jiha bai yi zafin da ya yi a shekarun 1980 ba, da kuma wataƙila ba a yi mana waccan Talatar ba.

Irin wannan jeri na sarakuna ne da manyan sojoji da masu magatakarda. Ba za ka ji haihuwar kowa daga Gwiwa a cikinsa ba, alhali an haihu ran nan kamar kullum, a ɗakunan da ungozoma ce kaɗai shaida. Kada kuma a ce ba a rubuta ba. An rubuta, a jikin suna aka rubuta. Yarinyar da ta faɗo ran nan tana iya tashi da Talatu, yaro da Ɗantala, idan kuma ana tsuga ruwa a lokacin, ga Anaruwa, ga Marka. Kakanninmu sun ga abin da ya kamata a riƙe game da zuwan mutum duniya shi ne wace rana ce a mako, wane yanayi ake ciki, wace hidima gari ke yi. Azumi, Tasalla, Sallau, Ɗanjuma, Laraba, Asabe, kowannensu shaidar haihuwa ce wadda gara ba ta ci. Abin da sunan bai riƙe ba shi ne lamba, ita kuwa lamba ita hukuma ke nema. Shi ya sa mutanenmu da yawa, in sun je yin katin ɗan ƙasa ko buɗe asusun banki, akan rubuta musu 1 ga Janairu a wuce wurin, Marka ta koma haifaffiyar tsakar hunturu. Abin yana yi mini ciwo, domin mutum ne ya zo da saninsa, aka karɓe shi a matsayin wanda bai san kome ba.

Haka shekaru ma. Dattijo ba zai ce maka 1972 ba, shekarar canjin hannun tuƙi zai ce, 1973 kuma shekarar canjin kuɗi, da naira ta maye gurbin fam. Yunwar 1984 zuwa 1985 sunanta 'yar Buhari, musamman a bakin 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, domin fari ya haɗu da rufe iyakokin ƙasa da gwamnatin soja ta Buhari ta yi a 1984, hatsi ya kasa ƙetarawa yadda ya saba. Mutanen Babura, da ke da dangi da abokan ciniki a Magarya da sauran ƙasar Damagaram, ba labari aka ba su ba.

Wannan ne ya kawo mu ga ɗaya Talatar, domin 27 ga Agusta, 1985 ma ranar Talata ta faɗo. Ana cikin hidimar Babbar Salla, Manjo Janar Tunde Idiagbon, na biyu a gwamnatin, yana ƙasa mai tsarki wurin aikin hajji, aka ji muryar Birgediya Joshua Dogonyaro a rediyo yana sanar da an kawar da gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari. Buhari mutumin Daura ne, Daura kuwa maƙwabciyar Kazaure ce, hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure ita ke kai mutum can. Saboda haka labarin bai iso nan a matsayin labarin Legas ba. Akwai baƙin cikin maƙwabtaka, akwai kuma ajiyar zuciyar wanda ya gaji da layin sayen kayan masarufi da tsananin da aka sha, kuma sau da yawa a ƙirji ɗaya suka haɗu. An buɗe iyaka a 1986. Bayan shekara shida da juyin mulkin, Babangida, wanda juyin ya kawo kan mulki, ya zaɓi ranar hawansa don ya yi rabon jihohi. Ke nan kwanan watan da muke kira ranar Jigawa tun asali na wani ne, aronsa aka ba mu.

Akan ce an haifi Jigawa, ko a ce an ƙirƙiro ta. Duka biyun ba su kwanta mini ba. Ƙirƙira samar da abin da babu ne, alhali Haɗeja da Gumel da Kazaure sun girmi Nijeriya kanta. Abin da aka yi ya fi kama da rabon gandu, inda 'yan'uwan da ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya za a ce kowa ya kama nasa. Duk wanda ya taɓa ganin an raba gandu ya san akwai murna a ciki, akwai ɗaci, ya kuma san ba gona kaɗai ake rabawa ba.

A wurin Kazaure, rabuwa da Kano ba baƙon abu ba ne, a kansa ma masarautar ta kafu. Ɗantunku, jagoran Fulani Yarimawa, yana cikin waɗanda suka taimaki jihadi a wannan yanki, kuma ya zauna lafiya da Sarkin Kano Sulaimanu. Da Ibrahim Dabo ya hau a 1819, sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka yi kusan shekara biyar ana gwabzawa a arewacin Kano, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta, ta riƙa bin Sakkwato kai tsaye. Dambo, ɗan Ɗantunku, ya gaji ubansa, garin ya ƙara kafuwa a hannunsa. Waccan rabuwar da jini da shekaru aka biya ta, shi ya sa ta zauna a bakin maroƙa da masu ba da tarihi ba tare da kowa ya nemi kwanan watanta ba. Turawa ne suka shigar da Kazaure Lardin Kano, Janar Yakubu Gowon kuma ya bar ta cikin Jihar Kano da ya kafa ranar 27 ga Mayu, 1967, da sarkinta da majalisarta, amma dai daga Kano umarni ke fitowa.

Babura labarinta daban ne. Ita ƙasar Sarkin Kano ce, ta Dambazawa, tsatsonta ɗaya da Dambatta a sarauta. A gare ta 1991 ya wuce sauyin jiha, har da sauyin sarki, domin an kafa masarautar Ringim aka sa Babura da Garki da Taura a ƙarƙashinta. Hakimin da ya saba hawan salla a Kano ya koma kai gaisuwa wata fadar. Wanda bai san ƙasar Hausa ba ne kawai zai ɗauki wannan ƙaramin abu.

Sai sunan kansa. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, tudu wanda ruwa ba ya kwanciya a kai, inda gero da gyaɗa da riɗi ke jin daɗi. Ya dace da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, ya dace da Babura. Kazaure da Roni kuwa duwatsu ne suka yi musu ƙawanya. Labarin kafuwar Kazaure da ake bayarwa ma na wani maharbi ne, Kutumbi, da ya tarar da kwari a tsakanin duwatsu ya ce wurin kamar zaure. A ganina hikimar sunan Jigawa ita ce ba na kowane babban gari ba ne, don haka ba masarautar da za ta ce an ɗora wata a kanta, ko da yake Haɗejawa, da suka sa rai da hedikwata, ba su ɓoye ɓacin ransu ba da aka ce Dutse. Sai dai sunan da ba na kowa ba yakan daɗe kafin ya zama na kowa, kuma harshe yana tona wannan. Bakano, Bakatsine, Bazazzagi, Basakkwace, Bahaɗeje, duk suna fita daga baki ba sai an yi tunani ba. Namu kuwa ɗan Jigawa aka fi cewa, kamar yadda ake cewa ɗan Nijeriya.

Taswira ma ba ta sauƙaƙa ba. Yankinmu ya miƙe ne can yamma, Katsina ta arewa da yamma, Kano ta kudu, 'Yankwashi da Babura ne suka riƙe shi da sauran jihar. Mutumin Roni da ke da buƙata a hedikwata yakan bi ta Kazaure ya faɗa Dambatta, ya ratsa birnin Kano, ya wuce Wudil, sannan ya isa Dutse. In ciwo ya tsananta, Asibitin Malam Aminu Kano ake nufa. In sari za a yi, Kantin Kwari da Singa da Dawanau duk a Kano suke.

Inda rabon ya fi cizon mutane shi ne kalmar asali. Ma'aikatan da suka yi shekaru a sakatariyar Audu Bako aka ce su koma jiharsu, Dutse kuwa a lokacin ba ta da gidaje da ofisoshin da za su ɗauke su, da yawa suka bar iyali a Kano suka koma jeka-ka-dawo. Yaron da aka haifa a Fagge ko Kurna, wanda sai da salla ake kai shi Gwiwa gaida kakanni, ya tashi ya tarar shi ba ɗan asalin Kano ba ne idan ana maganar gurbin karatu ko tallafin ɗalibai ko aikin gwamnati. Sai ya je garin kakansa, dagaci da hakimi su shaide shi, ƙaramar hukuma ta ba shi takarda. A da in an tambayi asalin mutum, musamman wurin neman aure, gidansu ake nufi da sana'arsu da halin iyayensa. Yanzu asali ya koma abin da ake buga wa hatimi. Wannan cutar Nijeriya ce baki ɗaya, ba ta Jigawa kaɗai ba, amma kowace sabuwar jiha tana ƙara yawan waɗanda suka zama baƙi a garin da aka yanke musu cibi.

To, ta yi rana? Ni dai amsata ita ce ta yi, kuma ba da rabin baki nake faɗa ba. Da yankin nan ya ci gaba da zama a gefen babbar Jihar Kano, da wuya ɗan Kazaure ya riƙe jiha shekara takwas kamar yadda Ibrahim Saminu Turaki ya yi daga 1999 zuwa 2007, ɗan Babura kuma, Muhammadu Badaru Abubakar, ya yi wasu takwas daga 2015 zuwa 2023. Kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa a Kazaure a farkon jihar, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Husaini Adamu, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Cibiyar koyar da kwamfuta da aka buɗe a garin a zamanin Turaki ta sa matasa daga jihohi da dama sun san hanyar Kazaure. Kwalta ta shiga ƙauyukan da a da sai jaki da amalanke. Kuɗin da da a birni za su tsaya, wani abu daga cikinsu ya iso karkara.

Amma ba a yi wa jama'a rana a dunƙule. Wanda ya samu aikin koyarwa ko kujerar kansila, an yi masa. Matar da naƙuda ta kama cikin marka a ƙauyen da rafi ya yanke, ita ya kamata a tambaya, ita da yaron da ya tafi cin rani tun bai isa ba saboda gonar ubansa ba ta ciyar da gida shekara. Har yanzu Jigawa tana cikin jihohin da ake ambata idan ana lissafin talauci da yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma masu sonta ba su kyauta mata ba in suka kawar da kai daga wannan a ranar bikinta. Kirarin jihar, Tarin Allah, yana da daɗin ji, ni ma ina yin sa, amma ba zai hana a tambayi ina tarin yake zuwa ba.

Gwamnoni ma sun yi ta kokawa da ma'anar jihar. Turaki ya rarraba ma'aikatu zuwa hedikwatocin masarautu don kowa ya ji gwamnati a ƙofar gidansa. Sule Lamido da ya zo a 2007 ya tattaro su ya mayar Dutse, ya duƙufa gina ta, domin a ganinsa jiha sai da cibiya. Kowannensu yana da hujja, kuma matsala ɗaya suka gada: masarautu biyar da aka haɗa a jiha guda, aka bar wa na baya aikin sa su zama abu ɗaya.

Wani ɓangare na aikin shekaru ne suka yi shi. Mafi yawan mutanen jihar a yau bayan 1991 aka haife su, ba su san wata jiha ba. In ɗan Roni da ɗan Birnin Kudu suka haɗu a jami'a ko wurin bautar ƙasa a kudu, da sunan Jigawa suke neman juna. Duk da haka maganar ba ta rufu ba. In majalisa ta buɗe sauraron ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki, akan ji masu neman jihar Bayajida, wadda za ta haɗa ƙasar Daura da ta Kazaure, suna kafa hujja da kusanci da tarihi da auratayya. Akwai kuma waɗanda ke ganin an riga an zuba shekaru da gumi a Jigawa, sake sabon lale ba shi ne maganin abin da ke damun talaka ba.

Bambancin shi ne yanzu ba a yin jiha da jawabi. Duk jihohi 36 sojoji ne suka yanka su, na ƙarshe Janar Sani Abacha ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 ba a ƙara ko ɗaya ba. Sashe na 8 na tsarin mulki ya shimfiɗa sharuɗɗa: kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi su goyi bayan buƙatar, a yi ƙuri'ar raba gardama kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su amince, mafi yawan jihohin ƙasa su yarda, sannan majalisun tarayya su tabbatar da kashi biyu cikin uku. Masu neman jiha suna kukan hanyar ta yi tsawo, kuma lallai ta yi. Amma akwai mataki ɗaya a cikinta wanda babu shi a 1967, babu shi a 1991: sai an bi Gwiwa da Roni da Kazaure rumfa-rumfa, an tambayi masu ƙasar ko sun yarda.